Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: naɗar waƙa da abin da ke hannunka

 

Na san akwai wanda ke tambaya a zuciyarsa: mi ya haɗa ƙungiyar farar hula da manhajar haɗa kiɗa? Amsar tana cikin karin maganar da kowa ya sani: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi mishi aski. Yaro yana da waƙa a kansa kan tsadar hatsi, ko kan ajin zana da yara ke karatu ciki, ko kan abokinsa da ya kama hanyar Agadas bai dawo ba. Ba shi da kuɗin studiyo. Sai wani mai hali ya ce zo in biya maka. Ranar da aka shiga naɗa, waƙar tsadar hatsi ta koma waƙar kirarin Alhaji. Wanda ya biya studiyo shi ke zaɓar baiti. Haka abin yake lokacin kamfe, haka yake bayan kamfe.

Shi ya sa nike ganin koyon naɗar waƙa aikin farar hula ne. Maganata yau guda ce: ka zaɓi manhaja ɗaya da na'urar da ke hannunka za ta iya ɗauka, ka koye ta har ka gama waƙa da kanka, kuma ka riƙe asalin aikinka. In ka yi haka, ba wanda zai saye baitinka da kuɗin awa biyu na studiyo.

Kafin mu shiga manhajoji, mu duba gida. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa na kiɗan ogan a gidan rediyon ƙasa a Yamai. A wancan zamani, in ba rediyo ta buɗe maka ƙofa ba, muryarka ba ta wuce unguwarku. Daga ƙarshen shekarun 1990 ƴan rap irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney da Wass-Wong suka fito suna faɗin abin da ke damun matasa, amma su ma sai da studiyo. A 2008 Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya tsallaka Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar. Ba shagon da ya sayar mishi da waƙoƙin nan. Daga salula zuwa salula suka yi ta yawo, ta Bluetooth da katin memori, har suka ƙetare ƙasa. A 2020 kuwa, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya riƙa fitar da waƙoƙin da aka ɗauka da salula aka aika ta WhatsApp, wata-wata, kuma ƴan Etran de L'Aïr na Agadas ne suka buɗe jerin. Kun ga yadda ƙofar ke ƙara buɗewa: daga rediyo zuwa studiyo, daga studiyo zuwa aljihu.

To mi manhajar naɗa take yi? Aiki ukku ne. Na ɗaya, tana ɗaukar sauti: murya, ko gurmi, ko kalangu. Na biyu, tana ba ka damar gina kiɗa daga sautukan da ke cikinta, ganga da bas da piyano. Na ukku, tana haɗa su ta daidaita, abin da masu studiyo ke ce ma miksaj. Sirrin duka yana ga layi. Kowane sauti yana hawa layinsa dabam: kiɗa a layi ɗaya, muryar jagora a na biyu, ƴan amshi a na ukku. In amshi ya ɓaci, shi kaɗai za ka goge ka sake. In murya ta yi ƙasa, ita kaɗai za ka ɗaga. Wanda ya gane layi ya gane rabin aikin, kowace manhaja ce.

Yanzu wacce za ka ɗauka? Kar ka tambayi wacce ta fi kyau a duniya. Ka duba abin da ke aljihunka.

In Android ce gare ka, kamar yawancinmu, ka fara da BandLab. Wani kamfanin Singafo ne ya fito da ita a 2015. Saukewa kyauta ne, naɗa da haɗawa kyauta ne, ko da yake akwai wasu ƙarin abubuwa da sai ka biya. Tana da layuka da yawa, da sautukan ganga, da abin gyaran murya, kuma ana iya sa ta cikin Faransanci. Abu biyu za ka kula. Tana son intanet don buɗe asusu da ajiye aiki, don haka tana cin forfe. Sannan ita kanta dandali ce kamar Facebook, to ka duba da kyau kar ka wallafa waƙar da ba ka gama ba kowa ya ji.

In iPhone ce, GarageBand na nan kyauta. Apple ya fito da ita a 2004, ta zo kan iPhone a 2011, kuma a na'urorin Apple kaɗai take aiki. Kar ku raina ta don kyauta ce. Bugun gangar da ke cikin Umbrella ta Rihanna, ta 2007, daga cikin sautukan GarageBand aka ɗauko shi. Steve Lacy kuwa da iPhone ya haɗa kiɗan wata waƙa a kundin Kendrick Lamar na 2017.

In kana da kwamfuta, ko tsohuwa ce wadda yayanka ya gama jami'a da ita, ka sa Audacity. Tun 2000 take, kyauta ce gaba ɗaya, kuma da ka sauke ta ba ta ƙara neman intanet. Ta ƙware wajen ɗaukar murya, yankewa, da rage hayaniyar baya. Ga mai waƙar baka, ga mai shirin rediyo, ga wanda ke son ɗaukar tsoho yana kiɗan goge, ta isa. Sai dai ba a gina kiɗa da ita cikin sauƙi. Kuma ku sani Audacity ba ta da ta salula. In ka ga wata da wanga suna a Play Store, ba ita ba ce.

In ka fara ƙwarewa kana son abin da zai yi aikin studiyo sosai, akwai Reaper. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta. Ana gwada ta kwana 60 kyauta, lasisinta na mutum ɗaya dalar Amurka 60 ne, wajen jaka 35 gwargwadon canji. Fada guda za ta iya haɗa wanga kuɗi.

Mai son gina kiɗa kuma, sunan da zai fi ji shi ne FL Studio, wadda da ake ce ma FruityLoops, ta kamfanin Image-Line na Beljiyam. Ta kuɗi ce. Ta gwaji tana bari ka yi kiɗa ka fitar da shi, har ka ajiye aikin, amma ba za ka iya sake buɗe shi ba sai ka saya. Kuma matakinta mafi araha ba ya ɗaukar murya ta mikro, to ka karanta kafin ka biya. In ba kuɗi, LMMS kyauta ce kuma tsarinta ya yi kama da FL Studio: ka gina kiɗa can, ka kai shi Audacity ka hau da murya.

Nan sai in yi maganar da kowa ya sani ba a faɗi. Manhajojin kuɗi da aka fasa suna yawo a kile daga hannu zuwa hannu. Ban zo wa'azi ba, lissafi na zo mu yi. Fasasshiyar manhaja takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, takan tsaya tsakiyar aiki, kuma ba inda za ka kai kuka. Waƙar wata ukku tana iya tafiya dare ɗaya. Tunda ga na kyauta na halal da ke yin aikin, mi ya kai ka?

Kuma don Allah guda ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Na ga matasa da manhaja biyar a salula, ba waƙa ko ɗaya da suka gama. Ka zauna kan ɗaya har ka fitar da waƙa ukku, sannan ka leƙa wata.

Mu zo ga naɗa, don nan ne waƙa ke gyaruwa ko ta lalace. Abin da ya shiga da datti, ba manhajar da za ta wanke shi tas. Ɗaki ya fi mikro muhimmanci. Ɗakin siminti wanda ba kaya yana maido da murya, sai ka ji kamar cikin rijiya aka yi waƙar. Ɗakin ƙasa mai katifa da labule da tufafi rataye ya fi shi nesa ba kusa ba. Ka jingina katifa a bango, ka rataya bargo bayanka. Ka kashe fanka. Na san zafin watan Afrilu, amma minti huɗu ba za su kashe ka ba. Ka zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru, ba injin niƙa, ba kabu-kabu. Ka sa salula a yanayin jirgin sama kar kira ya katse ka.

Tsakanin bakinka da mikro ka bar kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20. Ka ɗan kauce, kar iskar bakinka ta daki mikro kai tsaye. In ka ɗaura safa mai shara-shara a zoben waya ka sa a tsakani, za ta tare wannan iskar. Kiɗan kuma a kunne za ka saurare shi, ba a lasifika ba, in ba haka ba zai koma cikin mikro ya cakuɗe da murya. Abin kunnen ya zama mai igiya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai ka ga muryarka na bin bayan kiɗa kana zaton laifinka ne.

Sai ma'aunin ƙara, wanda ke hawa yana sauka gefen layi. Ƙololuwarsa sifili ne. In murya ta taɓa sifili ta yi ja, ta fashe ke nan, kuma fasasshiyar murya ba ta ɗinkuwa. Ka bari inda ka fi ɗaga murya ya tsaya tsakanin desibel 12 da 6 ƙasa da sifili. Murya mai ƙasa ana ɗaga ta daga baya. Kuma ka ɗauki kowane baiti sau ukku, ka zaɓi wanda ya fi.

Miksaj kuma, kar sunan ya ba ku tsoro. Ga mai farawa mataki huɗu ne, kuma a jere.

Na farko, daidaita ƙarfi. Ka sauke dukan layuka, ka ɗaga murya, sannan ka shigo da kiɗa a hankali har ya tallafe ta bai rufe ta ba. Mafi yawan waƙoƙin da ake turo muna, nan suke faɗuwa: kiɗa ya danne magana. Waƙar da ke da saƙo in ba a ji kalmominta ba, wahalar banza aka yi.

Na biyu, tankaɗe. Akwai abin da ake ce ma EQ, aikinsa kamar rariya ne. A layin murya ka zubar da duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz. Ba murya a can, sai gurnanin mota da bugun iska.

Na ukku, kwamfuresa. Shi ke danne inda ka yi ihu ya kusanto da shi inda ka yi raɗa, don murya ta tafi daidai. Kaɗan ake sawa. In ya yi yawa, numfashinka zai fi baitinka ƙara.

Na huɗu, amsa-kuwwa. Kamar gishiri take a miya. In mai saurare ya lura da ita, ta yi yawa.

Da ka gama, kar ka yarda da abin kunnenka kaɗai. Ka tambayi kanka: a ina mutanenmu za su ji waƙar nan? A lasifikar salula, a ƴar rediyo mai katin memori, a fada ana dafa shayi. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da bas mai zurfi. In duk daɗin kiɗanka yana cikin bas, a salula ba abin da zai rage. Ka gwada a wurare ukku. Sannan ka kunna ma wanda bai san baitin ba, ka ce ya maimaita abin da ya ji. In ya kasa, koma mataki na farko.

Akwai kuma abin da bidiyon koyarwa na YouTube ba za su gaya muku ba, don ba da Hausa a ka aka ƙera manhajojin nan ba. Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuya ta jiki da wuya ta wahala, hawa da saukar murya ne ya raba su. Shi ya sa kalangu ke iya magana, shi ya sa karin waƙarmu ke bin karin maganarmu. Auto-Tune, wanda ya fito a 1997, da ƴan uwansa irin wanda ke cikin BandLab, aikinsu jan murya zuwa sautin da ya fi kusa a ma'aunin da aka ba su. In ka ba shi ma'aunin da ba na waƙarka ba, kuma ka matsa shi har ƙarshe, zai ja muryarka inda ba ka nufa ba, lanƙwasar da ke sa waƙa ta zama tamu ta miƙe. Ban ce a bar shi ba. Waƙoƙin finafinan Kano sun maida shi salo, Anar ma da shi aka yi. Amma ka sa shi don ka zaɓa, ka nemo ma'aunin waƙarka tukuna, kuma ka saurara ko kalmomin na nan da ma'anarsu.

Haka awon kiɗa. Kusan duk manhajojin nan suna buɗewa da awon bugu huɗu. Da yawa daga kiɗanmu na gargajiya kuwa a kan ukku-ukku suke tafiya, abin da makaɗan zamani ke rubutawa 6/8 ko 12/8. In ka tilasta ma kalangu shiga gidan huɗu, zai yi ɗingishi. Ka canza awon a manhaja, ko ka fara ɗaukar makaɗin, sauran su bi shi.

Ku buɗe jerin kayan kiɗan da ke cikinsu: piyano iri-iri, gita iri-iri, gangunan Turai da Amurka. Ku nemi gurmi, ko duma, ko kukuma, ko algaita. Da wuya ku samu. Ba wanda zai sa muna su in ba mu ba. Muna da gasar da ke ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, muna da cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, amma tsofaffin makaɗa na cikin unguwanni da ƙauyuka, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke hannunsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka je ka gaida baba, ka nemi izininsa, ka gaya mishi abin da za ka yi da sautin, ka ba shi hakkinsa, ka faɗi sunansa a waƙar. Ɗauka a ɓoye sata ce, ko da salula aka yi ta.

Yanzu maganar riƙe aiki, wadda na ce ita ce rabin saƙona. Waƙa tana da jiki biyu: wadda aka gama da ake turawa, da asalin aikin mai layuka dabam-dabam. Wanda ke riƙe da asalin shi ke iya gyarawa, ya cire murya, ya sa wata, ya sayar da kiɗan. Matasa nawa suka biya studiyo aka ba su MP3 kaɗai, bayan shekara suka ji kiɗansu da muryar wani a kai? To ko a gida ka yi, ko a studiyo, ka karɓi layukanka. Ka fitar da waƙa a WAV don ajiya. Minti ɗaya yana cin wajen mega 10. Ka fitar da MP3 don turawa. Shi kamar mega ɗaya ne a minti, in a kan 128 ka sa shi. A WhatsApp ka tura ta a matsayin fayil, kar ka kunna ta ka ɗauka da saƙon murya. Ka ajiye a wuri biyu, salula da kile, don salula na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Mai kwamfutar tebur ya riƙa ajiyewa bayan kowane baiti, tunda wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Kiɗan da ka sauke daga YouTube an rubuta kyauta a kai, ka karanta sharaɗin. Sau da yawa kyautar ta tsaya ga wanda ba zai nemi kuɗi da waƙar ba. Ranar da waƙarka ta yi kasuwa, mai kiɗan zai fito. In kun yi aiki ku ukku, ku rubuta a takarda wa ya yi baiti, wa ya yi kiɗa, wa ya yi miksaj, da rabon kowa, ku sa hannu tun ana dariya. Sannan akwai BNDA, ofishin ƙasa mai kula da hakkin mawallafa. Ku je ku yi rajistar ayyukanku.

Ƴan uwana mata, wanga zance ya fi shafarku. Mun san yarinya nawa ke da murya da baiti amma gida ba za a bar ta ta je studiyo da dare ba, mun kuma san irin sharaɗin da wasu ke gindaya ma wadda ta je. Salula da abin kunne da ɗakin mama sun isa ki gama waƙa ba ki roƙi kowa ba. In kin koya, ki koya ma ƙawarki.

Kar a fahimce ni a karkace. Masu studiyo ƴan uwanmu ne, sana'arsu ce, kuma kunnen da ya shekara goma yana miksaj ya fi naka na wata biyu. Waƙar da kake son ta shiga rediyo da talabijin, kai mishi ya ƙarasa. Amma ka je da waƙarka a gine, ka san abin da kake so, ka biya da kuɗinka. Wanda ya shiga haka abokin ciniki ne, ba ɗan amshin wani ba.

Kuma ƴanci yana tafe da nauyinsa. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta intanet. Waƙar da ka tura a WhatsApp ta shiga ciki. Ka faɗi abin da ka tabbatar, ka soki aiki, ka bar zagin iyayen mutane, ka nisanci duk abin da zai haɗa ƙabila da ƙabila. Waƙar da ta tsaya kan gaskiya ta fi wuyar kayarwa.

Ga abin da nike roƙo kafin mu tashi. Kowace fada da ke nan, daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ta zaɓi manhaja ɗaya yau. Mako na farko, ku koyi ɗaukar murya mai tsabta, ba kiɗa. Mako na biyu, ku hau kan kiɗa. Na ukku, ku yi matakan nan huɗu. Na huɗu, ku gama waƙa ɗaya kan abu ɗaya da ke damun unguwarku, ko kwata ce, ko famfo, ko kuɗin takarda, ku kunna ma mutanen unguwar su fara ji. Ta farko ba za ta yi daɗi sosai ba, ku gama ta duk da haka, ku shiga ta biyu.

Wanda ya riga ya iya BandLab ko Audacity ya ɗaga hannu yanzu mu gan shi, don a raba mishi mutum biyu da zai koya mawa.  Allah ya ba mu sa'a, ya sa mu faɗi gaskiya da muryarmu.